Yaron da ke jan mahaifinsa zuwa tashar jirgin ƙasa a Atbara

Ɗan ƙanwata ne ya turo mini wannan tambaya. Yaƙin Sudan ya taso su daga Bahri, wato Khartum ta Arewa, yanzu suna zaune a Atbara. Ya ce ɗansa mai shekara 11 ya hana shi sakat, kullum da la'asar sai ya ja shi bakin tasha, ko jirgin fasinja zai shigo ko ba zai shigo ba, ya yi ta kallon tsofaffin kawunan jirgi da aka jingine a gefe. Yana so ya san ko wannan shiririta ce da ya kamata a raba yaro da ita. In kuwa ba ita ba ce, me zai nuna masa, tunda shi kansa iyakar saninsa da jirgi shi ne ya sayi tikiti ya shiga ya sauka.

Ɗana, kada ka raba shi da ita. Ni da kake gani, da irin wannan tsayuwar na fara. An haife ni a Mai Wurno, garin Hausawa kusa da Sinnar, kuma duk ranar da mahaifina zai shiga Sinnar sai na maƙale masa don kawai in ga wabur, wato kan jirgi, yana shan ruwa. Daga baya na shiga aikin sikka hadid, wato hukumar jirgin ƙasa, na fara da goge inji, na zama atashji mai kula da wuta da ruwa a kan jirgin tururi, na koma na dizal, na ƙare a kujerar direba. Abin da shekarun nan suka koya mini shi ne jirgi abu ne da ake karantawa. Wanda bai iya ba, ƙarfe kawai yake gani ya wuce da ƙara. Wanda ya iya, kafin jirgin ya tsaya ya riga ya san wane irin inji ne, nawa yake ja, lafiyarsa ƙalau ko yana ciwo. Yaronka ya fara son karatun da kansa, saura a nuna masa baƙaƙen.

Kuma Allah ya sauke ku a inda ya fi dacewa. Atbara ita ce uwar jirgin ƙasa a Sudan, shi ya sa ake mata kirari da garin ƙarfe da wuta. Nan hedikwata take, nan babbar warsha take, wato ma'aikatar gyaran jirage. Dogon da sojojin Kitchener, kwamandan Ingila, suka fara shimfiɗawa daga Wadi Halfa ya ratsa hamada ya kai Abu Hamad a 1897, ya iso Atbara a 1898, ya kai Bahri a ƙarshen 1899. Ka gaya wa yaron cewa unguwar da kuka baro da garin da kuke ciki yanzu, dogo ɗaya ne ya ɗaure su tun zamanin kakan kakansa. A cikin waccan hamada babu garuruwan da za a sa wa tashoshi sunansu, sai aka ba su lamba, daga ta 1 har ta 10, kuma har yau da lambar ake kiransu. Daga Atbara ne kuma aka ja reshen da ya tsallaka duwatsun Bahar Maliya ya kai Bur Sudan a 1906.

Ka fara koya masa da kunne, kafin ido. Ku tsaya nesa da dogo, ku yi shiru. Abu na farko da zai ji shi ne tak-tak, tak-tak na ƙafafu a kan mahaɗar ƙarfe. Ba lalacewa ba ce. Da gangan ake barin ɗan tsaga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, domin zafin rana yana sa ƙarfe ya miƙe, in bai sami wurin miƙewa ba sai ya lanƙwashe kamar maciji ya jefar da jirgi. Ka kai shi ya dubi tsagar da sassafe, ya sake dubawa da azahar a watan zafi, daga inda aka yarda mutum ya tsaya. Zai ga ta matse. Wannan darasi ɗaya ya fi masa shafi goma na littafin makaranta.

Sai muryar inji. Kawunan dizal da muka yi aiki da su ba daga gida ɗaya suka fito ba. Akwai na English Electric da suka fara zuwa daga Ingila tun 1960, akwai na Jamus, akwai na Amurka iri biyu, General Motors da General Electric, daga baya na Sin suka shigo. Na General Motors muryarsa a miƙe take, guuu ba yankewa, tana hawa kamar ana jan zare. Na General Electric kuwa gurnani yake yi daki-daki, kana iya ƙirga bugunsa, in ya ɗauki nauyi sai ka ji shi a ƙirjinka. Bambancin daga cikin injin yake, na farkon yana kunna wuta a kowane zagaye, na biyun sai ya tsallake ɗaya. Na Ingila kuma yana da wani siririn fito a saman gurnaninsa. A Sinnar Taƙatu, tashar mahaɗar dogo, cikin dare, muna kwance a ɗakin hutu, ba mai ɗaga kai amma kowa ya san wane ne ke shigowa daga Kosti.

Ga wani abu da manya da yawa ba su sani ba, kuma yara suna jin daɗinsa. Injin dizal ɗin nan ba shi ke juya ƙafafu kai tsaye ba, kamar yadda injin lori ke yi. Janareta yake juyawa, janareta ya ba da lantarki, lantarkin ya tafi ga wasu motoci da ke maƙale a jikin kowane gatari a ƙasa, su ne ke juya ƙafa. Wato tashar lantarki ce ke tafiya a kan dogo. Shi ya sa za ka ji inji ya ɗaga murya sosai alhali jirgin bai ko motsa ba tukuna. Ka sa shi ya ƙirga gatura. Manyan kawunan hanya mai nisa shida gare su, uku gaba uku baya. Ya kuma nemi ɗan siririn bututu da ya sauko dab da ƙafa. Yashi ke zuba ta nan. Ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi, in akwai raɓa ko mai ko hawa sai ƙafa ta yi ta juyawa a wuri ɗaya, direba ya saki yashi ta kama. A ƙasar da yashi ke binne mana dogo duk lokacin habub, wato guguwar ƙura, sai ga shi muna ɗauke da namu yashin a akwati, busasshe, tankaɗaɗɗe, muna tattalinsa.

Yanzu tsofaffin da ya fi so, na tururi. A nan zan daɗe, domin su ne suka yi ni.

Hanyar gane su ita ce ƙirga ƙafafu, na gefe biyu duka, daga gaba zuwa baya: ƙanana na gaba, manya na tsakiya da sandar ƙarfe ta haɗe, sai ƙanana na ƙarƙashin ɗakin direba. In ya ƙirga huɗu, takwas, biyu, to yana gaban ɗan gidan 500 ne, waɗanda kamfanin North British na Glasgow ya ƙera a tsakiyar shekarun 1950. Su ne manyan ƙarshe da aka kawo mana kafin dizal ya karɓe hanya. In biyu, takwas, biyu ne, wannan jakin aiki ne, mai jan kaya da shiga rassa masu raunin dogo. In huɗu, shida, biyu ne, da ƙafafu masu tsayi, na fasinja ne. Ƙa'idar mai sauƙi ce: doguwar ƙafa gudu, gajeriyar ƙafa ƙarfi. Shuɗin fenti ake yi musu, kuma in ya duba da kyau a inda rana ba ta cika bugu ba, ƙarƙashin tsatsa zai iya ganin sauransa. Ya nemi farantin maƙera a jikinsu, in ba a cire ba. A nan ake rubuta sunan kamfani da shekara da lambar ƙira. Kamfanin North British ya rufe tun 1962, saboda haka abin da yaron ke kallo babu mai sake yin irinsa.

Akwai wasu da ba zai gani ba, amma ya kamata ya ji labarinsu. A 1936 da 1937 an kawo wa Sudan wasu dogayen kawuna guda 10 ƙirar Garratt, tukunya a tsakiya, inji a gaba, inji a baya. Ba su daɗe a nan ba, aka sayar da su ga Rodeshiya, wajen Zimbabwe ta yau, a 1949, daga can kuma suka wuce Mozambik. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne faɗin dogonmu da nasu ɗaya ne, milimita 1,067.

A zamanina baƙin mai muke ƙonawa, ba gawayi ba. Aikin atashji ido biyu ne: ɗaya a kan gilashin ruwa, ɗaya a kan bakin hayaƙi. Gilashin nan ɗan bututu ne da bai wuce tsawon tafin hannu ba, yana nuna inda ruwa ya tsaya a cikin tukunya. In ruwa ya sauka har saman akwatin wuta ya bushe, ƙarfen zai yi laushi, kuma abin da ke biyo baya ba a fatan ko maƙiyi ya gani. In ya yi yawa kuma sai ya bi tururi ya shiga silinda, ruwa kuwa ba ya matsuwa, sai ya fasa. A hawa ruwan yana komawa baya ya nuna maka ya cika, a gangara ya gudu gaba ya bar ka da gilashi kusan wayam. Dole ka san hanyar kamar tsakar gidanku, ka ba shi ruwa tun kafin gangara ta zo. Hayaƙi kuma shi ke tona asirin atashji. In ya yi baƙi ƙirin, mai ya yi yawa, ana ɓarna. Wanda ake so shi ne siriri mai ruwan toka, da ƙyar ake ganinsa. Direban da ya koya mini aiki ba ya magana, sai dai ya ɗaga haɓa ya nuna sama, in duba in gyara. Lokaci ɗaya ne muke yin baƙin hayaƙi da gangan: idan kunkunniya ta toshe bututun tukunya, sai a jira inji yana ja da ƙarfi, a ɗebi yashi a miƙa bakin wuta, iska ta fizge shi ta bi da shi cikin bututun ya kankare su. Sai ka ga gajimare baƙi ya tashi sama, nan da nan allurar tururi ta fara hawa. Har yau in na ji ƙanshin mai mai zafi da ƙura, can nake komawa.

Ƙishirwa ce babbar matsalarsu. A layin yamma, bayan Kosti, har tankunan ruwa muke ja a bayan inji saboda nisan rijiyoyi. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka koma dizal, kuma ba zan ce an yi kuskure ba. Amma ga abin da nake so yaron ya riƙe game da waɗannan tsofaffi. Lokacin yunwar 1984 da 1985, da aka rasa isassun kawunan da za su kai hatsi Darfur, tsofaffin na tururi aka koma wa, aka gyara wasu, suka ja abinci zuwa yamma. Injin tururi maƙeri mai haƙuri yana iya yi masa kayan gyara a warsha. Na dizal in wani ɗan abu ya mutu a cikinsa sai an aiko daga ƙasar da aka ƙera shi. Mun ga haka da idonmu bayan takunkumin Amurka na 1997, wanda ba a ɗage ba sai 2017: kawuna masu sauran ƙarfi suka yi layi a ajiye, ana cire na wannan a sa wa wancan. Kafin nan ma titin kwalta na Khartum zuwa Bur Sudan, da aka gama a 1980, ya riga ya janye kaya da yawa zuwa manyan motoci. In ya tambaye ka me ya sa matattun suka fi masu rai yawa, amsar ke nan.

Ku je gidan tarihin jirgin ƙasa da ke nan Atbara, cikin wani tsohon coci. Ka tambayi ranar da suke buɗewa.

Jirgin fasinja kuma kallonsa daban ne, domin rabin abin kallon mutane ne. Wanda ake kira Jirgin Nilu, da ya fara aiki tsakanin Khartum da Atbara a 2014, ƙirar Sin ne, mai sanyi a ciki, kansa da taragansa a haɗe kamar abu ɗaya. Yana da kyau, na kuma yi murna da zuwansa. Amma tsohon jirgi mai kai daban da taragai daban ya fi ba da karatu. A da akwai taragon barci, da daraja ta ɗaya, ta biyu, ta uku, har ta huɗu, ga kuma waɗanda ke hawa rufi, abin da ya ci rayuka da yawa kuma ban taɓa ganinsa na ji daɗi ba. Akwai mushtarak, mai haɗa fasinja da kaya, wanda ba ya wuce kowace tasha. Jirgi na tsayawa sai tasha ta zama kasuwa: mai shayi, mai dafaffen ƙwai, mai ta'amiyya, wato ƙosan Sudan. A Sinnar da Kosti da Madani kuwa, in ka ji ƙanshin agashe ko ka ga tiren gyaɗa da ƙullin dakuwa, yi sallama da Hausa kawai, za a amsa maka.

Ka ce masa ya bar kallon inji na ɗan lokaci ya kalli ma'aikata. Kafin jirgi ya shigo, hannun sanafor, alamar da ke ba jirgi hanya, zai sauka, mahwalji mai kula da mahaɗar layuka ya riga ya juya dogo zuwa layin da nazir, shugaban tasha, ya ce. Da ya tsaya, mai duba taragai zai bi shi da doguwar guduma yana ƙwanƙwasa ƙafafu. Lafiyayyar ƙafa tana amsawa da ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa sai ta ce ƙwaf, kamar fasasshiyar ƙwarya. Zai kuma riƙa kai bayan hannunsa kusa da akwatin gatari yana jin zafi. Sannan akwai abin da muke kira tablet. Dogonmu layi ɗaya ne, mai zuwa da mai komawa duk a kansa suke bi, saboda haka tsakanin kowace tasha biyu akwai wani ɗan ƙarfe da na'ura ba ta sakin biyunsa a lokaci guda. Direban da ba ya riƙe da shi ba ya shiga wannan yanki ko da uban wa ya ce ya shiga. Da wannan ɗan ƙarfen aka yi shekara da shekaru ana hana jirage karo. A can bayan gari kuma akwai 'yan darisa, masu gyaran dogo, da ke zaune a ɗakunan nan masu kan tsini a tsakiyar daji. Su ne ke bin layi da ƙafa bayan ruwan sama su duba ko kwari ya cinye ƙarƙashin dogo. Fasinja bai san da su ba, amma kowane direba ya san da wa yake kwana lafiya.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu Hausawa, wanda nake so ka gaya masa da bakinka. Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar Makka, ya bi ta Barno da Wadai da Fashir, kuma a Ubayyid ya fara ganin jirgin ƙasa a rayuwarsa. Dogo ya kai Kano a 1911, ya kai Ubayyid a 1912, kuma faɗinsu ɗaya ne, milimita 1,067 ɗin nan. Daga baya na nan ya matsa zuwa Niyala a 1959, na can ya kai Maiduguri a 1964. Tsakaninsu ne ba a taɓa haɗawa ba, kuma wannan tazarar ita iyayenmu suka taka da sawunsu. Wanda ya kai Ubayyid da ɗan guziri sai ya hau jirgi zuwa gaɓar teku ya jira na ruwa a Sawakin. Wanda guzirinsa ya ƙare sai ya tsaya neman na gaba, a gonakin audugar Jazira, ko a aikin madatsar Sinnar da aka gama a 1925, wadda dogon Gadarif ya bi ta kanta. Da yawa tsayawar wata shida ta zama ta har abada. Ka dubi inda unguwanninmu suke a Madani da Sinnar da Gadarif da Kasala da Bur Sudan, sannan ka dubi taswirar dogo, za ka ga kusan zane ɗaya ne. Yau mahajjaci yana shiga jirgin Haramaini, wanda aka buɗe a 2018, ya yanki kilomita 450 tsakanin Makka da Madina yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa. Na hau shi, na yi ta tuna kakana har muka sauka.

Sai kashedi, kuma a nan ba na sassautawa. Kada ya taka tsakanin ƙarafan dogo, kada ya ratsa ta ƙarƙashin tarago ko tsakanin taragai biyu ko da sun shekara a tsaye. Taragon da aka turo a wurin jeranta jirgi ba shi da inji, ba shi da ƙara, sai dai ka ga ya iso. Wata rana ina shigowa wata ƙaramar tasha da jirgin kaya, na hangi yaro kamar naka tsugune a kan dogo yana jera kwalaben lemo don ya ga yadda za a murƙushe su. Na ja ƙaho, na zuba birki gaba ɗaya, amma jirgi mai nauyi sai ya ci ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya, kuma ba shi da sitiyarin kaucewa. Wata mai shayi ce ta yar da butarta ta fizgo shi. Da muka tsaya na kasa sauka, gwiwoyina sun ƙi ɗaukata. Kada kuma ya hau tsofaffin da ke ajiye. Ƙarfen ya ruɓe, kuma macizai da kunamu suna son inuwarsu.

Maganar hoto ma ka kula. Tun kafin yaƙi ɗaukar hoton tasha da gada yana buƙatar izini a ƙasar nan, balle tun da yaƙin ya ɓarke a Afrilun 2023. Waya ta zauna a aljihu. Ka saya masa littafi da fensir, ya rubuta lambar kowane kai, ranar da ya gan shi, launinsa, yawan gatura, taragai nawa yake ja, ya zana abin da ya iya. Shi ma littafin kada a fito da shi sai kun je kun gaida nazir, ka gabatar da kanka da yaron, ka faɗi abin da ya kawo ku, ya nuna muku inda za ku tsaya. A wurinsa kuma za ku ji ranar da jirgin fasinja ke shigowa, domin a wannan hali lokutan suna sauyawa.

Atbara cike take da tsofaffin ma'aikatan warsha da direbobi da suka ajiye aiki, suna zaune a gindin bishiya wurin masu shayi bayan la'asar. Ka kai shi ya gaishe su, ka saya musu shayi, ya tambayi ɗayansu wane kai ya fi so a duk waɗanda ya tuƙa. Zai ba shi lamba, ba suna ba, kuma daga nan ba sai ka ƙara cewa komai ba. In ya sami farantin da ake iya karantawa a jikin ɗaya daga cikin masu ƙafa huɗu, takwas, biyu, ya kwafe lambar da shekarar ka turo mini. Ina so in san ko yana cikin waɗanda na ba wa ruwa. Ka gaida mahaifiyarka, ka shafa mini kan jikana.